Rugugin Igwa a Walhain: Shin Grouchy ne Ya Kayar da Napoleon?

Ranar Lahadi 18 ga Yuni 1815, da misalin ƙarfe 11:30 na safe, Mashal Emmanuel de Grouchy, ɗaya daga manyan kwamandojin Sarkin Faransa Napoleon, yana ƙauyen Walhain a ƙasar Beljiyam ta yau, zaune a gidan wani mai rubuta wa jama'a takardun yarjejeniya. Karin kumallo yake yi a makare, kuma abin da duniya ta riƙe daga wannan teburi shi ne faranti na sitiroberi, jajayen 'ya'yan itacen nan da ake nomawa a wajen Jos. Bai gama ci ba aka fara jin wani rugugi daga yamma, can nesa, kamar hadari yana haɗuwa. Hafsoshin da ke lambun gidan suka yi tsit, wasu har da durƙusawa suna kara kunne a ƙasa. Ba tsawa ba ce. Igwa ce, kuma ba ɗaya ko goma ba. Mutanen wurin suka ce daga wajen Mont-Saint-Jean take fitowa, bakin dajin Soignes, kan hanyar Brussels.

Janar Gérard, mai riƙe da runduna ta huɗu a ƙarƙashin Grouchy, bai tsaya wani kwana-kwana ba. Ya ce a nufi inda igwa take. Ya faɗa da ƙarfi, a gaban ƙananan hafsoshi, da muryar wanda yake ba da umarni, ba shawara ba. Janar Valazé na injiniyoyi ya goya masa baya, ya ce yaransa za su iya gyara hanya. Janar Baltus na igogi ya ce ƙasa ta jiƙe, ƙafafun igwa za su kafe a laka. Grouchy ya ce Sarki ya riga ya gaya masa tun jiya cewa zai kai wa Ingilishi hari, don haka wannan ƙara ba sabon labari ba ce. Shi kuma aikin da aka ba shi bin sawun sojojin Purushiya ne. Gérard ya roƙa a bar shi ya tafi da rundunarsa kaɗai. Grouchy ya ƙi, ya ce ba zai raba mayaƙansa biyu kogi na tsakaninsu ba. Ya hau doki, suka ci gaba da tafiya arewa zuwa Wavre, mutum 33,000 da igwa 96, ƙarar yaƙin tana bin kunnensu na hagu.

Igwar yaƙin Waterloo ce suke ji. Kafin dare ya raba, an karya Napoleon a can, mulkinsa ya kama hanyar ƙarewa. Fiye da shekara 200 ke nan ana cewa a wannan lambu aka yi asarar Waterloo. Napoleon da kansa, a zaman da ya yi a tsibirin Saint Helena, ya jingina wa Grouchy da Mashal Ney mafi yawan laifin. Ni dai ban gamsu ba. Grouchy yana da laifi, amma ba na ƙarfe 11:30 ba ne, kuma ba shi ne babba ba. Don a ga haka sai an koma baya a tambayi yadda aka yi wannan mutum, ba wani ba, ya tsinci kansa riƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku na mayaƙan Faransa a ranar da ta fi kowace rana.

Napoleon ya naɗa mashal 26 a rayuwarsa, 18 daga ciki a 1804. Lokacin da ya sulale daga tsibirin Elba, inda aka kai shi bayan an sauke shi daga mulki, ya sauka gaɓar Faransa ranar 1 ga Maris 1815, ya shiga Paris ranar 20 ga wata ba a harba masa ko harsashi ɗaya ba, waɗanda suka rage masa kaɗan ne. Lannes ya mutu a 1809. Bessières da Poniatowski sun mutu a 1813. Bernadotte ya zama yarima mai jiran gadon Suwidin, ya ma riga ya yaƙi tsohon ubangidansa. Marmont da Victor sun bi Sarki Louis na 18 gudun hijira. Macdonald da Oudinot sun koma gefe. Murat, wanda ba a taɓa yin jagoran barade kamarsa ba a wancan zamani, ya yi gaban kansa ya auka wa Ostiriya a Italiya, aka karya shi a Tolentino farkon watan Mayu. Da ya zo neman aiki Napoleon ya ƙi ko ganinsa. Davout, wanda a Auerstedt a 1806 ya kori babbar rundunar Purushiya da mutanen da ba su kai rabin nasu ba, an ajiye shi a Paris yana ministan yaƙi, saboda Sarki ba shi da wani da zai amince ya bar wa birnin. Suchet kuma an tura shi tsaron iyakar tsaunukan Alps.

Rashin da ya fi kowanne ciwo shi ne na Berthier. Shekara kusan 18 yana babban magatakardan yaƙi na Napoleon. Sarki ya yi magana a gaggauce, rabi a baki rabi a zuci, Berthier ya mayar da ita takarda mai lokaci da hanya da sunan gari, ya aika ta hannun manzanni da yawa ta hanyoyi daban-daban don ko ɗaya ya faɗi wani ya isa. Ranar 1 ga Yuni 1815 ya faɗo daga tagar bene a Bamberg ya mutu. Aka ɗora Soult a kujerarsa. Soult gwarzon kwamanda ne, ya jagoranci mayaƙa shi kaɗai a Sifen shekara da shekaru, amma aikin takarda ba nasa ba ne. Tun ranar farko abin ya nuna: umarnin tashi da aka aika wa Janar Vandamme a daren 14 ga Yuni mutum ɗaya aka ba, dokinsa ya kayar da shi, takarda ba ta isa ba, runduna ta uku tana barci har ta bayanta ta zo ta iske ta a hanya.

Hannun hagu na mayaƙan aka ba Ney, wanda watanni uku da suka wuce ya yi wa Louis alkawarin kawo Napoleon cikin kejin ƙarfe sannan ya juya ya bi shi. Ranar 15 ga Yuni ya iso fagen fama, yaƙi ya riga ya fara, bai san ko sunayen wasu hafsoshin da ke ƙarƙashinsa ba. Hannun dama kuma Grouchy.

Kada a ɗauka ragon soja ne. Ɗan gidan sarauta ne da ya bi juyin juya hali, an haife shi a 1766, jikinsa cike da tabon yaƙi. Ya yi suna a Eylau da Friedland, an ji masa rauni a Borodino, shi ya jagoranci ayarin hafsoshin da suka tsare Sarki a komowa daga Rasha, a Vauchamps kuma a 1814 baradensa suka yi wa Blücher, kwamandan Purushiya, ɓarna mai yawa. Amma duk wannan a ƙarƙashin idon wani ya yi shi. A ce masa ga maƙiyi can, auka musu, ya auka. Bai taɓa riƙe manyan rundunoni na sojan ƙasa shi kaɗai, nesa da ubangida, inda zai karanta zuciyar maƙiyi da kansa ba. A watan Afrilun 1815 aka ba shi sandar mashal, shi ne na ƙarshe a jerin, ladan murƙushe 'yan sarauta da ya yi a kudancin Faransa. Vandamme da Gérard, waɗanda aka sa ƙarƙashinsa, kowannensu yana ganin shi ya fi cancanta da sandar. Wannan ma yana cikin abin da ya sa muryar Gérard ta yi kaifi a Walhain, kuma kunnen Grouchy ya toshe.

Dabarar Napoleon mai kyau ce. Yana da mutum kusan 124,000. A Beljiyam akwai Wellington, kwamandan Ingila, da haɗakar Ingilishi da Holan da Jamusawa sama da 100,000, ga Blücher da 'yan Purushiya kusan 120,000. In suka haɗu sun ninka shi. Sai ya ƙetare kogin Sambre a Charleroi ranar 15 ga Yuni ya shiga daidai tsakaninsu, don ya doki ɗaya kafin ɗayan ya kawo ɗauki. Washegari ya kama Blücher a Ligny, Ney kuma ya yi karo da Wellington a mararrabar Quatre Bras. A ranar ne rundunar Janar d'Erlon na Faransa, mutum kusan 20,000, ta wuni tana safa da marwa tsakanin fagage biyu, Sarki ya kira ta nan, Ney ya janye ta can, har rana ta faɗi ba ta yi wani yaƙin kirki ba. Da ta faɗa wa Blücher ta gefe, da watakila babu sauran zancen Waterloo. Duk da haka Faransa ta ci Ligny. An harbe dokin Blücher, tsoho ɗan shekara 72, ya danne shi, baraden Faransa suka wuce ta kansa ba su gane shi ba. Ragama ta koma hannun mataimakinsa Gneisenau, cikin duhu, kuma mayaƙan suka ja da baya zuwa arewa, wajen Wavre, maimakon gabas inda hanyar gida take. Wavre kuwa tafiyar rabin wuni ce daga inda Wellington zai tsaya.

Safiyar 17 ga Yuni ita ce, a ganina, ainihin wurin da abin ya lalace, kuma Grouchy ba shi da hannu a ciki. Napoleon na 1806, wanda bayan Jena ya bi 'yan Purushiya ba dare ba rana har ƙasarsu ta rushe, da tun tsakar dare ya saki barade. Na 1815 ya kwana a Fleurus, ya tashi a gajiye, ya zaga fagen Ligny yana duba masu rauni, ya duba faretin sojoji, ya tsaya hira da janar-janar kan siyasar Paris. Grouchy ya zo neman umarni tun da sassafe aka ce ya jira. 'Yan sintirin da aka tura sun bi hanyar Namur, gabas, suka kama wasu igogi da tarkacen masu gudu, labarin ya yi daidai da abin da Sarki yake so ya ji: Blücher ya karye, ya nufi gida. Babu wanda aka tura ya leƙa hanyar arewa da gaske. Sai wajen ƙarfe 11 aka kira Grouchy aka ba shi rundunar Vandamme da ta Gérard da baraden Pajol da Exelmans, aka ce ya bi su. A lokacin 'yan Purushiya sun ba shi ratar sama da awa 12. Shi da kansa ya ce daga baya ya nuna wa Sarki wannan rata, aka ce masa ya je ya yi abin da aka sa shi.

Takardar da ta biyo baya, wadda Janar Bertrand ya rubuta da bakin Sarki, ta ce ya tafi Gembloux, ya bincika wajen Namur da Maastricht, ya bi maƙiyi, ya gano ko suna rabuwa da Ingilishi ne ko suna shirin haɗuwa don kare Brussels. A duba da kyau. Namur kudu maso gabas take, Maastricht arewa maso gabas. Babu Wavre a ciki. Babu inda aka ce ya tsaya tsakanin Blücher da Sarki, babu inda aka ce in ya ji igwa ya dawo. An juya fuskar mutumin gabas, an tura shi.

Sai sama ta ɓalle. Ruwan da aka yi daga la'asar ɗin ranar har cikin dare duk wanda ya rubuta labarin yaƙin ya ambace shi. Ƙasar wajen mai danƙo ce, gonakin alkama da hatsi, hanyoyin ƙauye kuma ba daɓe. Wanda ya taɓa tura motar da ta kafe a fadama cikin Agusta ya san abin da ake nufi. To ya ƙiyasta igwa mai nauyin fiye da tan guda, dawaki shida ko takwas suna ja, ga wasu 95 a bayanta, kowace tana ƙara kwaɓa abin da ta gaba ta bari. Daga Ligny zuwa Gembloux bai fi kilomita 10 da 'yan kai ba, amma sai dare ƙarshen ayarin ya shiga gari.

A Gembloux ne nake ganin laifin Grouchy na gaskiya. Ƙarfe 10 na dare ya rubuta wa Sarki cewa da alama maƙiyi sun kasu, wani kaso ya yi Wavre, wani ya yi gabas, kuma in ya tabbata mafi yawansu Wavre suka yi zai bi su don ya raba su da Wellington. Ke nan ya fahimci haɗarin. Kafin asuba rahotanni sun ƙara nuna Wavre. A nan ne mai riƙe da runduna shi kaɗai ya kamata ya shimfiɗa taswira ya tambayi kansa: in ni ne Blücher, ina Wavre, abokina yana yamma da ni, me zan yi gobe? Amsar ba ta da wuya. Kogin Dyle yana gangarawa daga kudu zuwa arewa ya ratsa Wavre. Grouchy yana gabashinsa, Sarki yana yammacinsa. Akwai gada a Moustier, akwai a Ottignies, duka kudu da Wavre. A watan Yuni a can gari yana wayewa tun wajen ƙarfe 4. Da ya tashi a lokacin ya ƙetare waɗannan gadoji, da hantsi zai kasance a gefen duk wanda ya fito daga Wavre ya nufi yamma, kuma kusa da ubangidansa. Bai yi ba. Ya ɗauka 'yan Purushiya Brussels za su wuce su haɗu da Wellington a can, don haka babu gaggawa. Ya bar mutane suka yi barci, aka tashi rana ta fito sosai, kuma ya jera rundunoni biyu a kan hanya ɗaya, ta Gérard tana jiran ta Vandamme ta wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da Gérard ya nema da 11:30, da 4 na asuba ya kamata a yi shi.

Su kuwa 'yan Purushiya ƙarfe 4 ɗin suka tashi. Blücher ya farfaɗo, an shafe masa jiki, ya aika wa Wellington cewa yana zuwa. Dama Wellington ya ce zai tsaya ya yi yaƙi a Mont-Saint-Jean ne kawai in an tabbatar masa da ko runduna ɗaya. Aka sa rundunar Bülow a gaba, mutum kusan 30,000 da ba su shiga yaƙin Ligny ba. Gobara ta tashi a titin Wavre ta tsare su, kwarin rafin Lasne ya riƙe igoginsu, tsohon yana bin layi a kan doki yana roƙonsu kada su sa ya saɓa alkawarin da ya yi. Sai 4:30 na yamma suka fito daga daji suka fara harbi.

Wannan lissafi shi ne amsar da nake ba masu cewa da Grouchy ya ji maganar Gérard da an ci yaƙin. Daga Walhain zuwa Plancenoit, inda aka fi bukatarsa, ya haura kilomita 20, ta hanyoyin gona, da ƙetare kogi a kan ƙananan gadoji biyu. Rundunar Vandamme ta riga ta yi gaba, sai an juyo da ita. Ta Gérard wutsiyarta ba ta ma iso ba. Mutanen da jiya suka ɓata rabin wuni a kan kilomita 10 ba za su ci 20 cikin awa huɗu ba. Ko komai ya tafi daidai, da wuya goshin ayarin ya isa kafin ƙarfe 7, a gajiye, igogi a baya. Kuma Blücher ba zai zuba ido ba: yana da rundunoni huɗu, zai iya juya ɗaya ko biyu su tare hanya, sauran su wuce.

Amma akwai hujja ɗaya ta ɓangaren Gérard da ba na iya turewa. Gneisenau bai yarda da Wellington ba. Yana ganin an bar su su kaɗai a Ligny, yana tsoron Ingilishi su tsere bakin teku su bar Purushiya a tarko, har ya sa a ƙara tabbatar masa cewa da gaske Wellington zai tsaya. Mutum mai irin wannan zuciya, in aka ce masa ga Faransawa 30,000 sun ƙetare Dyle suna tafe ta gefenka, zai iya dakatar da rabin mayaƙansa. Watau ba sai Grouchy ya isa ba. Ganinsa a hanya ma zai iya rage waɗanda suka isa. Awa ɗaya ko biyu a wannan yammaci ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka ban ce shawarar Gérard banza ce ba. Ita ce mafi kyau cikin abin da ya rage. Abin da na ce shi ne ba ta da tabbas, kuma mai ƙin ta yana da takardar Sarki a aljihu.

Me ke faruwa a wajen Sarkin a wannan safiya? A gidan gona na Le Caillou, wajen karin kumallo, Soult ya ba da shawarar a kira wani ɓangare na mutanen Grouchy su dawo. Napoleon ya gwasale shi, ya ce don Wellington ya taɓa cin ka shi ya sa kake ganinsa babban janar. Ƙaninsa Jérôme ya kawo labarin da wani mai hidima a masauƙin Genappe ya ji daga bakin hafsoshin Ingila, cewa 'yan Purushiya za su zo daga Wavre. Sarki ya ce bayan dukan Ligny ba za su iya haɗuwa ba sai bayan kwana biyu, ga kuma Grouchy a bayansu. Aka jinkirta fara yaƙi don ƙasa ta sha iska igogi su iya motsi.

Ƙarfe 10 Soult ya rubuta wa Grouchy. Takardar ta ce ya nufi Wavre, don ya matso kusa da mu, yana kora 'yan Purushiyan da ke gabansa. Jimla ɗaya, abu biyu masu karo da juna. Wanda ya taso daga kudu maso gabas ya kori mutanen Wavre, ina zai kora su in ba wajen Wellington ba? Takardar ta isa hannunsa wajen ƙarfe 4 na yamma, ya karanta, ya ga Wavre a rubuce, ya ji daɗi cewa bai saurari Gérard ba. Ƙarfe 1 na rana, da aka hango wani duhu-duhu a tudun Chapelle-Saint-Lambert kuma aka kama wani ɗan saƙon Purushiya da ya tabbatar Bülow ne, aka ƙara rubuta masa, a ƙasan takarda, cewa kada ya ɓata ko minti ɗaya, ya zo ya murƙushe Bülow. Wannan ita ce kira ta farko a fili. Ta same shi da yamma liƙis, mutanensa sun riga sun tsunduma cikin faɗa a bakin kogi.

Abin da ya faru a Waterloo sananne ne, ba sai na ja shi ba. Napoleon yana da kusan 72,000 da igwa 246, Wellington kusan 68,000 da igwa 156. Jérôme ya mayar da harin jan hankali a gidan gonar Hougoumont ya zama rami mai cin mutane wuni guda. Babban harin d'Erlon ya watse a gaban sojan Picton da baraden Ingila. Wajen ƙarfe 4 Ney ya ɗauka Ingilishi suna janyewa, ya tura dubban barade hawa bayan hawa kan sojan ƙasa da suka yi sahu mai kusurwa huɗu, banati a waje, ba tare da isassun sojan ƙasa ko igwa sun rufa musu baya ba. Bayan ƙarfe 6 ya ƙwace La Haye Sainte da harsashin masu tsaronta ya ƙare, tsakiyar Wellington ta yi laushi, ya aika a ba shi ƙarin mutane. Sarki ya ce daga ina, ƙera su zan yi? Ba ƙarya ya yi ba. Rundunar Lobau da matasan dogaransa da bataliya biyu na tsofaffin dogarai duk suna Plancenoit suna tare Bülow gida-gida, har cikin maƙabartar coci. Mutanen da za su fasa layin Wellington su ne 'yan Purushiya suka shanye.

Wajen 7:30, da zai tura ragowar dogarai hari na ƙarshe, an ga wata runduna tana ɓullowa daga arewa maso gabas. Napoleon ya sa hafsoshi su bi layi suna shelar Grouchy ya iso. Ya san Zieten ne na Purushiya. Sojoji suka yi sowa, sai waɗanda aka ce 'yan'uwa ne suka buɗe musu wuta, a daidai lokacin da aka ga dogaran da ba a saba ganin bayansu ba suna gangarowa. Aka fara ihun an ci amanarmu. Ina zargin tun daga wannan shela sunan Grouchy ya manne a bakin sojan Faransa a matsayin wanda aka jira bai zo ba, alhali ba a kira shi a kan lokaci ba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: Wellington ma ya ajiye mutum kusan 17,000 a Hal, yamma da fagen, don tsoron kada a zagaye shi, kuma sun wuni ba su harba ko ɗaya ba. Da an ci shi, da yau su ne ake tambaya. Da yake shi ya ci, sai aka kira abin taka-tsantsan.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Napoleon ya shekara 15 yana tarbiyyar manyan hafsoshinsa a kan cewa kai ɗaya ne a rundunar, sauran hannuwa ne. Gaskiya ne akwai Desaix, wanda ya juyo ya ceci Marengo a 1800 ya mutu a wurin, kuma akwai Bernadotte da ya sha zagi don bai kai wa Davout ɗauki ba a 1806. Duk hafsan Faransa ya san waɗannan labarai biyu, Gérard ma da su yake magana a zuci. Amma kwana biyu kacal kafin Walhain an ga abin da ya biyo bayan saɓa wa tsarin Sarki a batun d'Erlon, da fushin da Ney ya sha. Sabon mashal ɗan wata biyu, wanda na ƙasa da shi suke raina shi, aka ce ya yar da rubutaccen umarni saboda ƙara da ya ji daga nesa, a kan shawarar wanda ya yi masa tsawa a gaban yara. Davout zai iya. Davout kuwa yana Paris yana sa hannu a takardu, kuma ba Grouchy ne ya ajiye shi can ba.

A Wavre, Janar Thielmann da mutum kusan 17,000 ya riƙe gadoji. Babban hafsan ofishinsa wani kanar ne mai suna Clausewitz, wanda daga baya ya zama mashahurin masanin yaƙi. Vandamme ya yi ta tura mutane kan gadar garin ana karkashe su. Gérard, da ya ga harin gidan niƙa na Bierges ya ƙi ci, ya shiga gaba da kansa, harsashi ya same shi aka ɗauke shi. Sai da yamma baraden Pajol suka sami gadar Limal suka ƙetare. Safiyar 19 ga wata Grouchy ya kori Thielmann, yana shirin kama hanyar Brussels, yana zaton Sarki ma ya ci nasa. Wajen 10:30 wani hafsa ya iso a kan doki da ya gaji, shi kansa ko magana ba ya iya haɗawa, ya ce babu sauran runduna.

Abin da Grouchy ya yi daga nan shi ne aiki mafi kyau da wani kwamandan Faransa ya yi a wannan mako. Yana tsakiyar ƙasar maƙiyi, masu nasara suna iya datse masa hanya ta ko'ina. Vandamme ya ce a auka Brussels, ya ƙi. Ya juya kudu cikin sauri, ya shiga Namur, Janar Teste ya tsare ƙofofin garin ranar 20 ga wata har kowa ya wuce, suka bi kwarin kogin Meuse ta Dinant zuwa Givet. Ya komo Faransa da mafi yawan mutanensa, da igoginsa, da masu rauninsa. Da aka bar shi da aiki bayyananne, ba wanda zai yi wa tafinta, sai ga gwanintar ta fito. Amma ba ta da sauran amfani: ranar 22 ga Yuni Napoleon ya sauka daga mulki, ranar 15 ga Yuli ya miƙa kansa ga jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Bellerophon.

An harbe Ney a Paris ranar 7 ga Disamba 1815 bisa hukuncin majalisar dattawan masarauta. An harbe Murat a Pizzo a watan Oktoba. Grouchy ya tsere Amurka ya zauna a Philadelphia wasu shekaru kafin a yi masa afuwa ya dawo. Shi da Gérard suka yi ta buga ƙasidu suna ƙaryata juna a kan wa ya ce me a lambun nan, da ƙarfe nawa takarda kaza ta iso. Gérard ya sami sandarsa ta mashal a 1830, har ya riƙe shugabancin gwamnati na ɗan lokaci a 1834. Sarki Louis-Philippe ya mayar wa Grouchy tasa a 1831. Ya mutu a 1847 a Saint-Étienne, a hanyarsa ta dawowa daga Italiya, yana da shekara 80.